An yi masa allurar titanus, ga shi kuma kwance da ita

Assalamu alaikum Inna. Daga barandar asibiti nike rubuto maki. Maigidana manomin albasa na a fadamar Kwalkwalawa. Kwana goma sha takwas da sunka wuce yana kwasar taki a turken tumaki, ƙusa ta huda silifas ɗinshi ta shige mashi tahin ƙahwa. Ya matse jini, ni kuma na sa mashi toka na ɗaure da ƙyalle. Washegari ya tahi kemis anka yi mashi allurar titanus. Wurin ya rufe, har mun manta. Ran kwana goma ya ce bakinshi ya yi nauyi, tuwo bai shiga sai hura, munka ce ciwon haƙori na. Bayan kwana ukku wuya ya sandare, baya ya banƙare, munka kawo shi asibiti, likita ya ce titanus ta. Yau kwananmu biyar. Sun sa shi ɗaki mai duhu, sun hana dubiya, allurar barci kawai muke gani ana yi, zaburar kuma ƙaruwa take. Surukata ta ce iska ta, tunda ko kiran salla ya ji sai ya zabura. Wanshi ya ce jibi zai sa hannu a fidda shi a kai shi ƙauye wurin mai magani, don kuɗi sun ƙare. Inna, in titanus ta, ina amfanin allurar da anka yi mashi? Ko tokar da na sa ta jawo? Ina da ciki wata shida, ga yara biyu, muna iya ɗauka? Mi za ni yi?

Ɗiyarki daga Runjin Sambo

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya tashi kafaɗunsa, ya sa kaffara ce. Na bar wasiƙarki da bakinki yadda kika rubuto ta. Gajeruwar amsa kuwa kin riga kin same ta a waya tun daren da saƙon ya shigo, don jibi ba za ta jira ranar fitowar wannan fili ba: kada a fitar da shi. Yanzu hujja nake so in damƙa maki, wadda za ki iya ɗauka ki kai gaban wan mijinki, domin "Inna ta ce" ba ta tsayar da namijin da aljihunsa ya bushe.

Abin da ya fi tayar masu da hankali shi ne ganin ciwo na ƙaruwa alhali ana kan gadon asibiti, kuma ban ga laifinsu ba. Mun saba da zazzaɓin cizon sauro, a yi allura yau, gobe mutum ya nemi koko da ƙosai. Titanus, wadda wasu ke ce wa tsinkau-tsinkau, ba haka tafiyarta take ba.

Ƙwayar cutar, da likitoci ke kira Clostridium tetani, tana zaune ne a cikin ƙasa da ƙura da kashin dabbobi, na doki da jaki da shanu da tumaki. Idan wuri bai yi mata ba sai ta dunƙule ta koma kamar iri, ta yi shekaru a haka, zafin Sakkwato na watan Afrilu bai dame ta ba. Babbar maƙiyiyarta ita ce iskar nan da muke shaƙa. Shi ya sa faffaɗan yanka da ya zubar da jini aka wanke bai kai ramin ƙusa haɗari ba. Ƙusa ta tura takin can ciki, baki ya rufe daga sama, ciki ba iska, ga naman da ya mutu: an yi wa ƙwayar ɗaki an ja mata ƙofa. Tsatsar da ake ta tsoro kuma ba ita ce cutar ba. Sabuwar ƙusa fil da ta kwana a turke tana iya kawo ta, haka ƙaya, haka kwalba, haka ƙunar salansar kabu-kabu da ƙura ta shiga.

A cikin ramin nan ƙwayar ke farkawa ta fara fitar da dafi. Ita ba ta zuwa ko'ina, dafin ne ke tafiya. Yana bin jijiya sannu a hankali har ya isa laka. Kin ga kowace tsoka a jikinmu tana da mai ce mata ja, da mai ce mata saki. Dafin nan mai cewa saki yake toshe wa baki. Sai jiki ya zama kamar babur da totur ya maƙale, birki kuma ya tsinke. Jijiyoyin muƙamuƙi da na wuya gajeru ne, dafin ya fi saurin isa ta nan, shi ya sa baki ke fara nauyi kafin baya ya banƙare. Tafiyar takan ɗauki kwana 3 zuwa 21 daga ranar rauni, yawanci mako guda da 'yan kwanaki. Kwana goman mijinki daidai lissafin yake.

Ga inda nake so Yayanku ya saurara da kyau. Dafin da ya riga ya kama jijiya, babu allurar da ke ɓanɓaro shi, ba a nan ba, ba a Makka ba, ba a Ingila ba. Jiki ne da kansa ke tsiro da sababbin bakin jijiyoyi, wannan kuwa aikin makonni ne. Ranar da kuka kawo shi akwai sauran dafi a kan hanya wanda bai ƙarasa ba, yana ci gaba da isowa. Don haka mako na farko zuwa na biyu su ne mafi tsanani ko da an yi komai daidai. Zaburar takan ɗauki mako uku zuwa huɗu kafin ta lafa, taurin jiki kuma ya kan ja wasu watanni. Kwana biyar ɗinku tsakiyar gulbi ne. Ba nan ake sauka daga kwale-kwale ba.

Kin ce allurar barci kawai kike gani. Abin da ba ki gani ba ya fi yawa. Akwai allurar da ke kama dafin da ke yawo cikin jini kafin ya shiga jijiya, ranar farko ake yin ta. Akwai buɗe ramin ƙusar nan da kika ce ya warke, a kankare mataccen nama, don a rushe wa ƙwayar ɗakinta. Akwai Flagyl da ake sawa ta ƙarin ruwa ya kashe ta. Ita kuwa allurar da kuke rainawa, galibi diazepam ce, wani lokaci a haɗa da magnesium sulfate irin wanda ake yi wa mai jijjigar haihuwa, ita ke riƙe da ransa. Mai titanus ba ciwon ƙafa ke kashe shi ba. Zabura ɗaya ce za ta zo ta damƙe maƙogwaro da ƙirji, numfashi ya tsaya. Ko abinci ya kauce hanya ya faɗa huhu. Ko bugun zuciya da hawan jini su riƙa hawa da sauka ba ƙa'ida. Saboda haka ake sa robar hanci don abinci, wani ma sai an huda masa maƙogwaro an sa bututu, wani sai injin numfashi. Ki tambayi Yaya, cikin ladabi, wanne daga cikin waɗannan mai maganin ƙauye yake da shi a zaurensa.

Ba zan ɓoye maki ba, ciwo ne mai kisa. Ko a Amurka, da duk kayan aikinsu, wajen mutum 1 cikin 10 da ta kama ba ya tashi. Amma akwai abu biyu a labarinki da suka ɗan kwantar mani da rai. Wanda ciwon ya bayyana masa kafin mako guda da rauni, ko wanda daga nauyin baki zuwa zabura bai kai kwana biyu ba, shi ya fi shiga haɗari. Mijinki ya yi kwana goma, sannan kwana uku. Wannan ba alkawari ba ne, rai na hannun Allah, amma alama ce mai kyau.

Sai maganar kiran salla. Na san nauyin wannan magana a zuciyar uwa, don haka ba zan yi mata dariya ba. Bari in ba ki labari. Ina sabuwar ma'aikaciyar jinya aka kawo mana wani yaro ɗan kiwo, bai fi shekara goma sha biyu ba, ƙaya ce ta soke shi a diddige. Muka sa shi a ɗakin ƙarshe, muka rataya bargo a taga. Wani dare ina zaune kusa da shi, ya samu barci da ƙyar, sai wata mai jinya a ɗakin gaba ta saki murfin kwanon sha a siminti. Kafin murfin ya gama juyi yaron ya tashi sama, ƙeya da diddige kaɗai ke taɓa katifa, sai ka zura hannu ta ƙarƙashin bayansa ka fitar ta ɗaya gefen. Haƙora a sarƙe, leɓe ya ja baya kamar mai murmushi, zufa na tsiyaya, idanunsa kuma a kaina, yana kallona sarai. Murfin kwano fa. Washegari kukan jaki ya yi masa haka, wata rana hasken tocila. Jikin da birkinsa ya tsinke ba ya tantance sauti. Ƙarar lasifika, buga ƙofa, tashin janareta, ringin waya, har taɓawar hannu mai sanyi, duk ɗaya ne a wurinsa. Ki roƙi surukarki ta zauna shiru na yini guda ta lura, za ta ga abin da ke tayar da shi ya wuce kiran salla. Yaron nan ya yi mako biyar a wurinmu, ya fita da ƙafarsa, yana tafiya kamar ya haɗiyi taɓarya, amma ya fita.

Wannan kallon da yaron ya yi mani shi ne abin da ya raba titanus da sauran cututtukan da ake rikita ta da su. Mai farfaɗiya ba ya sanin inda yake. Mai sanƙarau zazzaɓi da ciwon kai ke fara kayar da shi, hankali ya gushe. Mai titanus yana cikin hayyacinsa, yana jin zafin kowace zabura, yana jin duk abin da ake faɗa. Don Allah maganar kuɗi sun ƙare da maganar wa ya jawo, a riƙa fita da su can bakin ƙofar asibiti. Yana ji.

Addu'a kuwa babu likitan da ya hana. A yi sauka a gida, a yi sadaka, Hajiya ta zauna gefensa ta yi tofi a hankali ba tare da girgiza shi ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗura rubutu ko jiƙo a bakin da ba ya iya haɗiya, huhu zai tafi. Haka hayaƙi, haka ruƙiyya da ɗaga murya a kansa. Dubiya alheri ce, amma a wannan ciwon wanda ya tsaya a baranda ya yi addu'a ya juya ya fi wanda ya shiga ya yi sallama da ƙarfi taimako.

Yanzu tambayarki ta gaskiya, wadda na tabbata masu karatu da yawa ita suke jira. Ina amfanin allurar kemis?

Ɗiyata, allura biyu ce muka haɗa muka ba suna ɗaya, nan ne mutane ke faɗawa rami. Ta farko ita ce ta rigakafi, TT, ko Td da ake yi yanzu wadda ta haɗa har da mashaƙo. Dafin ne aka kashe masa kaifi, a nuna wa jiki shi don ya koyi faɗa da shi. Tun 1924 aka samo ta a Faransa, kuma tana aiki ƙwarai. Amma makaranta ce, ba a shiga yau a sauke gobe. Ga wanda bai taɓa yi ba, allura ɗaya ba ta ba shi komai. Sai an yi ta biyu bayan mako huɗu, a ƙara kamar mako biyu, sannan kariya ta fara. Ki lissafa: mako shida ke nan, dafi kuwa kwana goma ya ishe shi. Wadda aka yi wa mijinki, in ita ce kuma lafiyayya ce, somin karatu ce kawai don raunin baɗi, ba ta wannan ba. Tana aiki nan take ne kawai ga wanda jikinsa ya riga ya yi karatun, wato ya taɓa samun aƙalla uku a baya. Shi tuni kawai take yi masa.

Ta biyu ita ce ATS, ko 'yar'uwarta TIG mai tsada. Wannan ba koyarwa take ba, sojan aro ne. Garkuwa ce da aka riga aka haɗa, ATS daga jinin doki, TIG daga jinin mutane. Behring da Kitasato ne suka nuna hanyar a birnin Berlin na Jamus a 1890. Tana kama aiki ranar da aka yi ta, amma baƙuwa ce, ta doki mako ɗaya zuwa biyu take yi ta tafi, ta mutane ta kai wajen wata guda. Ta dokin kuma wani jikin ba ya karɓarta, shi ya sa ake fara gwaji, kuma ba a yin ta sai inda ake da abin ceto in mutum ya rikice. Ba allurar shago ba ce.

To mutumin da ƙusar turke ta soka, wanda bai san rabonsa da rigakafi ba, duka biyun yake buƙata a rana ɗaya, kowace a nata gefen, bayan an buɗe raunin an wanke. Tambaya guda ce da an yi masa ita da labarin ya canza: sau nawa aka taɓa yi maka, kuma yaushe rabonka? Wanda ya cika uku, in raunin mai datti ne ko mai zurfi kuma ya wuce shekara 5 rabonsa, a ƙara masa ɗaya. In ƙaramin yanka ne mai tsabta, sai ya wuce shekara 10. Wanda bai cika uku ba ko bai sani ba, in raunin mai datti ne ko mai zurfi, shi ne mai buƙatar duka biyun nan. Ga kuma maganar ajiya: allurar rigakafi tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, in ta daskare ta lalace. Shagon da firjinsa ke bin wutar NEPA, yau ƙanƙara gobe ruwan ɗumi, ni ba zan miƙa masa dantsena ba.

Akwai abin da ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya. Jariri ana yi masa Penta a mako 6 da 10 da 14, akwai titanus a ciki. Mace ana yi mata a wurin awo. Namiji fa? Daga jarirantaka, in ma an yi masa, shi ke nan har ya yi furfura. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi bayan ukun farko a ƙara uku, ɗaya a shekara ta biyu, ɗaya tsakanin shekara 4 zuwa 7, ɗaya tsakanin 9 zuwa 15. Gida nawa kika sani da aka yi haka? Alhali su wa ke cikin taki da laka? Manoman fadama, 'yan Kara, mahauta, majema, makanikai, masu jari-bola, almajiran da ke yawo ba takalmi. Waɗanda suka fi kowa kusa da ƙwayar su ne ba wanda ke kira a yi masu allura. Magidancin da ke karanta wannan, je ka asibitin sha-ka-tafi na unguwarku lafiyarka ƙalau, ka ce Td kake so. Yau ɗaya, bayan mako huɗu ɗaya, bayan wata shida ɗaya, ka karɓi kati ka ajiye inda kake ajiye takardar gona.

Tokar da kika sa: ba zan ce ta yi amfani ba, don ba ta yi ba. Ta taimaka wajen toshe bakin ramin, ita kanta kuma daga ƙasan murhu aka kwaso ta. Amma ƙwayar tare da ƙusa ta shiga, kafin hannunki ya kai. Kin yi abin da kika ga iyayenmu na yi, shi kuma ya je neman allura washegari, wanda maza da yawa ba sa yi. Kada ki ɗora wa kanki wannan kaya ga ciki wata shida. Nan gaba dai, rauni ruwa mai tsabta da sabulu yake so, a yi ta kwarara ana wankewa har datti ya fita, a rufe da tsumma mai tsabta sakwa-sakwa, a tafi asibiti a ranar. Ba toka, ba baƙin mai, ba ruwan batir, ba ƙasa, balle kashin shanu. Kuma duk wanda ya ce maku bakinsa ya yi nauyi ko haɗiya na yi masa wuya, kafin a ce haƙori ko hangum a tambaye shi ko ya ji rauni cikin makonni ukun da suka wuce. A duba har kunnen yaro mai zubar da ruwa da tsohon gyambo, su ma ƙofa ne, wani ma ba a gano ta inda ta shiga. In an yi zargi, kai tsaye Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, ba a biya ta kemis ba.

Ɗauka kuwa, kwantar da hankalinki. Titanus ba ta tsallakawa daga mutum zuwa mutum, ba ta numfashi, ba ta yawu, ba ta kwano. Ki goge masa zufa, ki wanke kayansa, ba abin da zai same ki ta nan. Amma turken da ya soke shi yana nan a gidanku, yaranki kuma a nan suke wasa. Ki sa a tsince ƙusoshi da guntayen kwano, a sa masu takalmi, ki duba katinsu ki ga ko Penta ta cika uku. In ba ta cika ba a kai su, ba a makara ba.

Ke kuma ki ɗauko katin awonki. Ta mata biyar ce: ta farko, ta biyu bayan mako huɗu, ta uku bayan wata shida, ta huɗu bayan shekara, ta biyar bayan wata shekarar. Wadda ta cika biyar ta samu kariya duk tsawon shekarun haihuwarta. Matanmu da yawa biyu suke yi a kowane ciki, kati ya ɓace, a koma farko. In ba a yi maki ko ɗaya ba a wannan cikin, kina cikin asibiti yanzu, ki taka zuwa sashen awo gobe. Ana so ta biyu ta riga haihuwa da aƙalla mako biyu, don garkuwarki ce ke ratsawa ta shiga jinin jariri, da ita zai rayu kafin a fara yi masa tasa. A 1988 jarirai wajen 787,000 wannan cuta ta kashe a duniya, zuwa 2018 suka koma wajen 25,000, kuma allurar iyaye mata da tsabtar haihuwa ne suka yi aikin. Ƙofarta ga jariri cibiya ce. Sabuwar reza, zare mai tsabta, sannan man cibiya na chlorhexidine, wanda jiharmu ta fara rabawa tun 2013, tana cikin na farko a ƙasar nan. Ba man goge baki, ba toka, ba gashi da tsumman da ya sha ƙasa. Ranar suna ki sa ido a kan askar wanzami. Jaririn da ya kama nono lafiya kwana biyun farko, sannan ya daina, baki ya ƙi buɗuwa, jiki ya yi tauri, ba na goyo a jira gari ya waye ba ne.

Saura Yaya. Kada ki yi ja-in-ja da shi a gaban mahaifiyarsa, ke suruka ce, ko kin fi shi gaskiya ba za ki ci ba. Shi ma ba ƙin ƙaninsa yake ba, ya ga kuɗi na fita ba ya ganin sauƙi, ga uwa na kuka. Gobe da safe ki tare babban likitan kafin ya gama zagaye, ki gaya masa ƙarara cewa ana shirin fitar da mara lafiya, ki roƙe shi ya zauna da Yaya su biyu. Namiji ya fi jin magana daga bakin likita in ba a gaban mata aka faɗa masa ba. Ki kira mahaifinki ko kawunsu, wanda dai Yaya ke cire wa takalmi, ya zo ya zauna a wurin. A tambayi likitan abubuwa a fili: kwana nawa yake hasashe, wane magani ne dole, wanne za a iya samu da sauƙi a waje. A bayyana wa Yaya hanyar ƙauye kanta, rana tsaka, gargada, ƙarar mota, ba allurar da za ta saki maƙogwaro in ya damƙe a tsakanin gari da gari. Takardar da zai sa wa hannu cewa take yi shi ya ɗauki nauyin abin da ya biyo baya.

Kuɗi kuma a nemo su da baki, ba kunya a nan. Manyan asibitoci suna da ofishin walwalar marasa lafiya, ki tambaya a nuna maki. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha tana taimakon marasa lafiya, a rubuta a kai da takardar likita. A sanar da limamin unguwa da abokan nomansa na fadama. Albasar da ke rumbu da tumakin da aka kwashi takinsu, ai don rana irin wannan ake ajiye su.

In Allah ya sa an sallame ku, akwai abu ɗaya da ake yawan mantawa. Kwanciyar nan ba ta ba shi garkuwa ba. Dafin yana da ƙarfin da ɗan abin da ke kayar da ƙato bai kai yawan da jiki zai gani ya koya ba, don haka wanda ya tashi daga titanus yana iya sake kamuwa. Ki tambaya ko an fara masa Td a nan asibiti, a rubuta maku ranar ta biyu da ta uku, ki riƙe katin da kanki tare da naki. Zai fito a rame, gaɓoɓi a ƙage, tafiya sai a hankali, kada a yi masa gaggawar komawa fadama. Ranar da zai koma kuma a saya masa takalmin roba mai kauri, silifas ta gama nata.

Ki ci abinci, ki samu wanda zai karɓe ki kwana ko da dare biyu ne a mako. Ki turo mani saƙo bayan zaman da likita, sannan ki sake turowa ranar da cokali ya fara shiga bakinsa.

Innarku